Na sayi kwasa-kwasai 11 ban zana shafi ɗaya ba: wane dandali zan zaɓa?

Wasiƙar wannan makon daga wata baiwar Allah ta fito, ga kuma abin da ta ce a taƙaice:

"Ni matar aure ce mai shekara 31, ina da yara biyu, kuma ina aikin ofis. Tun ina ƙarama nake son zane, burina shi ne in zana hotunan wani littafin yara da na rubuta labarinsa da kaina. Shekara biyu ke nan ina neman ilimin a intanet. Na sayi kwasa-kwasai 11 a wurare daban-daban, ban kammala ko ɗaya ba, kuma akwai dandalin da na shiga gwajinsa na kyauta na manta, sai kawai na ga an cire mini kuɗin shekara guda. Kwanan nan maigidana ya tambaye ni cikin lumana ko zan nuna masa abin da na zana, na rasa abin nunawa, na kwana ina kuka. Ina da tsohuwar kwamfuta da wayar hannu, da kamar awa ɗaya bayan yara sun yi barci. Don Allah wane dandali ne ya fi kowanne, in koma can in huta? Ko kuwa dai ba ni da baiwar ne, in haƙura?"

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma zan fara da tambayar da kika ajiye a ƙarshe, domin na lura ita ce ta fi ci miki rai. Babu wanda zai iya yanke hukunci a kan baiwarki a yau, har da ke kanki, saboda ba a ga aikin ba tukuna. Wanda ya cika takarda ɗari biyu da zane, aka jera su aka ga hannunsa bai motsa daga inda ya fara ba, shi ne za a zauna a yi maganar baiwa a kansa, kuma ko shi ɗin sau da yawa rashin mai gyara ne ya tsayar da shi. Ke kuwa abin da kika yi a shekara biyun nan saye ne da kallo, kuma waɗannan biyun ba su taɓa auna baiwar kowa ba. Saboda haka ki ajiye wannan tambayar a gefe, lokacin yinta bai yi ba.

Ki kuma sani cewa kina da abokan tafiya masu ɗimbin yawa. A shekarar 2019 wasu masu bincike biyu, Justin Reich da José Ruipérez-Valiente, sun wallafa nazari a mujallar Science a kan kwasa-kwasan da jami'o'in Harvard da MIT na Amurka suka sanya a dandalin edX daga 2012 zuwa 2018. Sun gano cewa fiye da rabin waɗanda suka yi rajista ba su taɓa leƙa cikin darussan ba, kuma a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 cikin 100 da 'yar ɗoriya ne kawai suka kai ƙarshe. Hatta a cikin waɗanda suka biya kuɗi domin a ba su takardar shaida, waɗanda suka kammala a wannan zangon ba su kai rabi ba. Kwasa-kwasan manyan jami'o'i ke nan, waɗanda ba mai cewa malamansu ba su iya ba. Abin da wannan yake nunawa shi ne cutar tana cikin irin karatun da ba mai jiran ɗalibi, ba kuma mai tambayar sa ina aikin jiya, kuma sauya dandali shi kaɗai ba ya maganin ta.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da sana'ar hannu, wanda nake zaton shi ne ya riƙe ki tsawon wannan lokaci ba ki ankara ba. A 2018 Michael Kardas da Ed O'Brien na Jami'ar Chikago sun nuna wa mutane bidiyon wani yana jefa 'yar kibiya tana cakar tsakiyar allo, wasu suka kalla sau ɗaya, wasu sau 20. Waɗanda suka kalla sau 20 sun fi amanna cewa za su iya, amma da aka miƙa musu kibiyar, jifansu bai fi na sauran kyau ba. Ido ne ya saba da motsin, sai zuciya ta ɗauka hannu ma ya saba. Haka bidiyon zane yake. Malama ta ja layi ɗaya a lanƙwashe, kumatun yaro suka bayyana, ta ɗiga baƙi biyu, idanu suka buɗe. Kin ga kamar kin gane, kuma lallai kin gane, sai dai ganewar ta tsaya a ka, ba ta sauko yatsu ba. Daɗin da ake ji bayan kallon darasi mai kyau yana kama da daɗin wanda ya yi aiki, shi ya sa mutum yakan kwanta da gamsuwa alhali takardarsa fara ce fat. Ranar da kika ɗauki fensir kuma, abin da ya fito bai yi kama da na malamar ba, sai ki ɗora laifin a kan kwas ɗin ki tafi neman wani. Ta haka ɗaya ya zama 11.

To, ga maganar dandali. Ba zan nuna miki ɗaya in ce ya fi kowanne ba, domin ba abu ɗaya suke sayarwa ba, ko da yake tallarsu kusan iri ɗaya ce. Da yawa daga cikinsu kasuwa ne inda kowane malami yake kasa hajarsa, babu wani shugaban makaranta da ya zauna ya tsara abin da za a fara da abin da zai biyo baya. Udemy, wanda aka kafa a 2010, shi ne misali mafi bayyana: kusan kowa yana iya ɗora kwas, ana sayen kowanne shi kaɗai, kuma abin da kika saya yana nan yana jiran ki, amma gwani da ɗan koyo suna kafaɗa da kafaɗa a shafi ɗaya, tantancewar kuma a wuyanki take. Skillshare, shi ma na 2010, biyan rajista ake yi, wato kuɗin zama mamba na wani wa'adi, a buɗe miki dubban gajerun darussa, kusan kowanne da ɗan aikin da ake so ɗalibi ya yi ya ɗora. Yana da kyau ga mai son ɗanɗana fannoni daban-daban kafin ya tsayar da shawara, amma ranar da rajista ta ƙare ƙofar ta rufe, kuma yawan zaɓin da ke cikinsa shi ne ainihin abin da ba kya buƙata a yanzu. Domestika ya faro ne a Sifaniya a 2002 a matsayin majalisar masu zane da tsara hotuna, shi yake ɗaukar bidiyon mafi yawan kwasa-kwasansa da kansa, don haka hotonsu da sautinsu suna da tsabta, kuma kowane kwas yana tafiya ne zuwa ga aiki guda da za a kammala a ƙarshe. Sai dai malamansa da yawa da harshen Sifaniyanci suke magana, fassarar tana gudana a ƙasan allo, kuma duk wanda ya gwada karanta rubutu yana bin hannun mai zane a lokaci guda ya san ido ba ya rabuwa biyu.

Coursera wani gida ne daban. Malamai biyu na Jami'ar Stanford, Andrew Ng da Daphne Koller, suka kafa shi a 2012, kuma kwasa-kwasansa daga jami'o'i da cibiyoyi suke fitowa, misali jerin darussan tsara hotuna da rubutu na kwalejin fasaha ta CalArts da ke Kalifoniya. A can akwai jadawalin mako-mako, akwai aikin da sauran ɗalibai suke dubawa su ba da maki, akwai kuma hanyar neman tallafi ga wanda ba shi da halin biya. MasterClass kuwa, wanda ya fito a 2015, fitattun mutane ne suke ba da labarin yadda suke tunani a kan sana'arsu; yana faɗaɗa tunani, yana tayar da himma, amma ba zai koya wa yatsunki zana gwiwar yaro ba. Ba na zagin ko ɗaya daga cikinsu. Kowanne yana da wanda aka yi shi dominsa, kuma ba za ki san wanda aka yi dominki ba sai kin juya wa dandalin baya tukuna kin dubi aikin da ke gabanki.

Sa'ar da kika yi, wadda mutane da yawa masu rubuto mini ba su da ita, ita ce kin san abin da kike so ki yi. Ba ki ce kina son "koyon fasaha" haka kawai ba. Littafi ne, kuma labarinsa yana hannunki. Littafin yara mai hotuna yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe manyan takardun ɗab'i a yanka su. A cikin waɗannan shafukan za ki zana yaro ɗaya sau da yawa, yana gudu, yana zaune, yana kuka, ya juya baya, kuma dole mai karatu ɗan shekara huɗu ya gane cewa shi ne dai a kowane shafi. Za ki buƙaci sanin yadda fuska take nuna tsoro ko murna da layi uku ko huɗu, da yadda ake tsara shafi a bar wa rubutu wuri ba tare da ya hau kan hoto ba, da yadda ake zaɓar 'yan launuka kaɗan a riƙe su daga farko har ƙarshe, da yadda ake yin ƙaramin samfurin littafin da fensir a ga tafiyar labarin kafin a taɓa launi. Wannan shi ne jadawalin karatunki, kuma babu dandalin da zai rubuta miki shi. Ki ɗauko sunayen kwasa-kwasan nan 11 ki auna su da shi. Ina kyautata zaton za ki tarar biyu ko uku ne kawai suka taɓa abin da kike nema, sauran kuwa rangwame ne ya sa aka saye su.

Daga nan sai malami, domin a ƙarshe mutum ne zai koyar da ke, sunan kamfanin da ke saman shafin ba ya koyar da kowa. Ki nemi ayyukansa na kansa ki gani ko ya taɓa yin irin abin da kike so ki yi, ki kuma kalli darasin gwajin da ake bayarwa kyauta da fensir a hannunki, kina bin sa. Idan yana saurin da ba za ki iya kamo shi ba, ko kuma an gudanar da bidiyon da sauri an ɗora kiɗa a kai, to nuni yake yi miki, kuma nuni daban yake da koyarwa. Malamin kirki yana faɗin dalili: me ya sa ya sauko da idanun yaro ƙasa da tsakiyar kai, me ya sa ya fara da manyan siffofi kafin gashin gira. Yana barin kuskurensa a cikin bidiyon ki ga yadda ya gano shi da yadda ya gyara, kuma a wurina wannan ya fi sauran darasin daraja, saboda ɗan koyo a cikin kuskure yake wuni.

Abin da ya fi komai tona asirin kwas shi ne ayyukan ɗalibansa, idan dandalin yana nuna su. Kada ki tsaya a kan guda biyar ɗin da aka zaɓa aka sa a sama, ki gangara ƙasa. Idan kika ga ɗalibai ɗari sun zana kyanwa iri ɗaya da launi iri ɗaya, kamar an buga su da hatimi, to kwafi aka koya musu, kuma ranar da aka ce su zana akuya za su tsaya cak. Idan kuwa kika ga ayyuka mabambanta, wasu ma ba su da kyau sosai, amma kowanne ya yi amfani da ƙa'idar da aka koyar a kan abin da ya zaɓa da kansa, to an koyar da wani abu a nan. Haka kuma wajen karanta ra'ayoyin waɗanda suka saya, ki fi ba da ƙarfi ga masu tauraro uku, domin su ne sukan faɗi abin da ya yi da abin da bai yi ba. Yabon tauraro biyar sau da yawa tun mutum yana darasi na biyu yake rubuta shi. Shekarun kwas kuma suna da muhimmanci ne kawai idan manhajar kwamfuta yake koyarwa, tunda maɓallanta suna sauya wuri. Darasin haske da inuwa ba ya tsufa.

Yanzu na zo kan abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar, wato wa zai dubi aikinki ya ce miki ga inda kika kauce. Bayani ya yi arha a duniyar yau, kusan duk ƙa'idar zane tana nan kyauta a YouTube ga mai nema. Abin da bai yi arha ba shi ne idon gwani a kan takardarki. Na taɓa ganin zanen wata ɗaliba kafin gyara da bayan gyara. Yarinya ta zana tana miƙa hannu za ta tsinki fure, kuma ta yi makonni tana jin akwai abin da bai zauna ba, tana sauya launin riga, tana ƙara ganye, abin ya ƙi. Malamin bai taɓa ko ɗaya daga waɗannan ba. Jan alƙalami ya ɗauka ya ja layi ɗaya daga wuyan yarinyar zuwa ƙasa, layin ya sauka a gaban ƙafafunta duka biyu, ya rubuta a gefe cewa mutumin da ya tsaya haka faɗuwa zai yi. Ya matso da ƙafa ɗaya gaba, nan take yarinyar ta tsaya da nauyinta a kan ƙasa. Wannan ɗalibar ta kalli darussa a kan daidaiton jiki, ta san ƙa'idar da baki, amma ba ta gan ta a nata zanen ba, domin ido yana yafe wa abin da hannunsa ya yi.

Saboda haka idan kina auna dandali, ki tambayi wane irin gyara ake samu a cikinsa. A wasu babu ko kaɗan, ki ɗora aikinki ya zauna shiru. A wasu 'yan'uwanki ɗalibai ne za su duba, wanda yana da amfaninsa, sai dai yawanci yabo ne mai daɗin ji, kuma wanda bai iya ba yakan gyara wa wanda bai iya ba. Mataki na sama shi ne inda malami zai zana a kan aikinki ya mayar miki, kuma ƙananan makarantun intanet da suka keɓanta da zane sun fi ba da wannan. Schoolism yana da azuzuwan da malami yake duba aikin kowane ɗalibi ya aiko masa da bidiyon gyara, kuɗinsu kuma ya fi na rajistar kallo kawai nesa ba kusa ba. SVSLearn ya karkata ne ga masu zanen littattafan yara, wato fagenki ke nan. Drawabox darussansa kyauta ne, yana sa ɗalibi zane da tawada domin kada ya dogara da goge kuskure, yana da wani atisaye na zana akwati 250 daga kusurwoyi daban-daban, kuma yana da tsarin da ɗalibai suke duba aikin juna, da wanda ake biya ƙwararru su duba. Yana da tsauri, ba kowa yake jure masa ba, amma yana gina hannu. Shi kuwa Stan Prokopenko, mai tashar Proko, ya shafe shekaru yana ɗora darussan zanen jikin mutum kyauta, masu tsari kuma masu bayanin dalili. Idan kina da kuɗin da za ki kashe sau ɗaya a shekara, shawarata ita ce ki kashe shi a kan gyara.

Neman gyara ma yana da ladabinsa. Idan kika ɗora zane kika ce "yaya kuka gani?", amsar da za ki samu ita ce "ya yi kyau". Ki ce kin so yaron ya nuna tsoro amma ya fito kamar mai mamaki, ki tambaya ina kuskuren yake. Wanda ya sani zai ji daɗin amsa irin wannan tambayar. Ki riƙe rubutun labarinki a wurinki, ba sai kin baza shi duka ba kafin a gyara miki hoto, kuma kada ki ɗora hotunan 'ya'yanki a fili ko da su kike kallo kina zane.

Maganar kayan aiki gajera ce, amma tana kayar da mutane. Kwasa-kwasan zane da yawa an gina su a kan manhajar Procreate, wadda a kan iPad take aiki, wasu kuma a kan manhajojin Adobe, waɗanda tun 2013 kamfanin ya mayar da su na biyan rajista. Wanda ya sayi irin wannan kwas bai duba ba ya yi cinikin biri a sama. Manhajar Krita kyauta ce kuma an yi ta ne domin masu zane, ana kuma iya zane a waya da ibisPaint, amma a watannin farko fensir da farar takarda sun ishe ki, kuma duk abin da hannu ya koya a takarda zai tafi da shi kan allo daga baya. Ki duba kuma ko ana iya sauke darasi a ajiye a waya, domin awarki ɗaya ce, bai kamata rabinta ya tafi wajen jiran bidiyo ya buɗe ba.

Wannan awa ɗayar ita ce za ta raba miki gardama tsakanin rajista da sayen kwas guda. Mu ce kin samu dare biyar a mako, awa 20 ke nan a wata. Idan kashi biyu cikin uku suka tafi a zane, kamar yadda ya kamata, bidiyon da za ki kalla a wata bai kai awa 7 ba, kuma a cikinsu akwai wanda za ki maimaita. Kwas guda mai kyau zai iya ɗaukar ki wata biyu ko uku. Me za ki yi da rumbun darussa dubbai? Rajista tana biyan kuɗin sabulu ne ga mai lokaci da yawa ko mai neman fannin da zai shiga, kuma ke ba ko ɗaya ba ce a cikinsu. Agogon rangwamen nan da yake ƙirga miki sa'o'in da suka rage kuma kada ya sake tayar miki da hankali, domin a irin waɗannan kasuwanni rangwame yana dawowa a kai a kai.

Game da kuɗin da aka cire miki, ki rubuta wa sashen kula da abokan hulɗa na dandalin yau ɗin nan, ki faɗi ranar da aka cire da cewa ba ki yi amfani da rajistar ba. Wani lokaci ana mayarwa idan ba a daɗe ba, kuma tambaya ba ta cin kuɗi. Ki shiga ki kashe sabuntawar da take yin kanta, ki kuma duba jerin rajistocinki a Google Play ko App Store idan ta waya kika shiga, domin goge manhaja daga waya ba ya soke rajista. Nan gaba, ranar da kika shiga gwajin kyauta ki rubuta ranar ƙarewarsa a inda za ki gani, kuma kafin ki sayi kwas ki karanta sharaɗin mayar da kuɗi. Udemy, alal misali, yana ba da kwana 30 bisa wasu sharuɗɗa. Takardar shaida kuwa kada ta shiga lissafinki ko kaɗan, domin mawallafin da zai ɗauki littafinki shafukan zai buɗe ya duba.

Ga hukuncina, tunda kin nemi a yanke miki. Har tsawon mako takwas kada ki sayi komai. Taura biyu ba ta taunuwa, balle 11, don haka ki zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda kika riga kika mallaka, wanda ya fi kusa da zanen mutane ko zanen littafi, sauran ki cire su daga gaban idonki. Kada ki wuce darasi sai kin yi aikinsa, ko da ya fito a karkace. Kowane dare ki fara da fensir kafin ki kunna bidiyo, minti goma kina zana yaron labarinki daga ka, ki rubuta kwanan wata a kusurwar takardar, ki ajiye ta a jaka ɗaya. Kada ki yaga ko ɗaya. A mako na biyar ki soma ƙaramin samfurin littafin, kowane shafi bai wuce tafin hannu ba, kuma kafin mako na takwas ya cika ki fitar da shafi huɗu a cikakken girmansu. A lokacin ne za ki san abin da kika rasa da sunansa, ki ce hannaye ne suke ba ni wahala, ko launina yana yin dauɗa, ko shafina yana cushewa. Mai irin wannan tambayar ba ya ɓata a kasuwa, yana shiga kai tsaye wurin malamin da yake da amsarta. Idan jiki da tsayuwa ne, ki nufi darussan Proko ko Drawabox. Idan tsarin littafin ne, ki duba SVSLearn ko kwas guda na zanen littafin yara a Domestika, bayan kin tabbatar da harshen da malamin yake magana da shi. Idan kuma kin ga ba kya motsi sai an sa miki wa'adi, ki nemi aji mai ranar miƙa aiki da malami mai gyara, ki tara kuɗinsa a hankali.

Saura maigidanki. Kin ce cikin lumana ya tambaya, kuma ni ban ji zargi a cikin tambayar ba, na ji mutumin da yake son ya ga abin da matarsa take ƙauna. Ki zaunar da shi ki faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, har da kuɗin da aka cire, domin ɓoye shi yana ƙara miki nauyin da yake hana ki ɗaukar fensir. Sa'annan ki ba shi aiki: kowane ƙarshen mako ya ce ki kawo jakar ya ƙirga takardun. Ba gyara za ki nema a wurinsa ba, wannan aikin malami ne; shi dai ya zama mutumin da yake jiran aikinki, wanda kika rasa a duk wuraren da kika biya kuɗi. Yaranki ma za su taimaka ba tare da sun sani ba, domin idan kika nuna wa ƙaramin shafi ba rubutu ya faɗa miki abin da yake faruwa a ciki daidai, to hoton ya yi aikinsa.

Idan shafi huɗun nan sun kammala, ki ɗauki hotonsu ki aiko mini tare da takardun makon farko. Kada ki cire wadda kike jin kunyarta, domin ita zan fara dubawa. Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a hannunki.